Jigon Abokin Zuci a Ƙagaggen Labarin Kimiyya da Matsayinsa a Tunanin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Daga cikin jigogin da marubuta ƙagaggun labaran kimiyya suka daɗe suna juyawa akwai na yaron da yake da wani aboki wanda babu mai ganinsa sai shi kaɗai. Iyaye sukan ɗauki abin a matsayin wasan ƙuruciya, su yi dariya su wuce. Daga baya sai ta bayyana cewa abokin nan akwai shi, kuma ba da alheri ya zo ba. Wannan babi zai duba yadda ake gina wannan jigo a adabin Amurka da Ingila, sannan ya auna shi da tunanin Bahaushe, ta hanyar ɗaukar Fagge da Sabon Gari na Kano a matsayin fagen misali. Abin da ake son ɗalibi ya gane shi ne ƙarfin jigon ya rataya ne a kan amsar da manya suke ba yaro idan ya zo musu da maganar abokin nasa, kuma amsar da uwa za ta bayar a Fagge daban take da wadda uwa take bayarwa a labarin Ba'amurke. Mai shirin zama malami yana buƙatar sanin wannan don nazarin adabi, yana kuma buƙatarsa don ranar da zai tarar da irin wannan yaro a ajinsa.

2.0 Suna da Ma'ana

Hausa ba ta da tsayayyen suna ga irin wannan aboki, don haka tilas a zaɓa masa. Wanda ya fi saurin zuwa baki shi ne "abokin ɓoye". Matsalarsa ita ce Bahaushe yana kiran aljanu "mutanen ɓoye" don sakaya sunansu, ke nan duk wanda ya ji an ce yaro yana da abokin ɓoye ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara bincike. "Abokin gaibu" ma haka yake, har ya fi nauyi ta fuskar addini. Saboda haka a nan an zaɓi "abokin zuci", bisa ƙirar "saƙar zuci" da "ciwon zuci", domin ya nuna inda abin yake samo asali ba tare da ya jingina shi ga wata halitta ba.

Masana halayyar yara sun daɗe da sanin abin. A shekarar 1934 Margaret Svendsen ta yi nazarinsa a Amurka, ta bayyana shi da cewa wani ne da ba a gani, wanda yaro yake ba suna, yana ambatonsa cikin zance ko yana wasa da shi har tsawon watanni. A lissafinta kusan kashi 13 cikin ɗari na yaran da aka bincika ne suke da shi. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon, wadda ta wallafa littafi a kan batun a 1999, ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da abin wasan da yaro ya ba rai da hali. A binciken da ita da abokan aikinta suka fitar a 2004, kashi 65 cikin ɗari na yaran sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7. Waɗannan alƙaluma na yaran Amurka ne. Amma duk wanda ya ga yarinya ta goya 'yar tsana ta kara, ta raɗa mata suna, ta yi mata faɗa don ta ƙi barci, ta tara ƙawaye a yi mata biki, ya san ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Abubuwa biyu daga binciken Taylor suna da amfani ga manazarcin adabi. Na farko, mafi yawan yaran sun san sarai cewa abokin ƙirƙirarsu ne. Na biyu, ba kullum abokin yake yi wa yaro biyayya ba. Akwai yaran da suke kawo ƙarar cewa nasu yana da gardama ko yana damunsu. Ta wannan 'yar kafa ta biyu marubuta suka shiga.

Dangane da ƙagaggen labarin kimiyya kuwa, abin da ya raba shi da labarin sihiri shi ne irin dalilin da marubuci ya bayar. Idan abin mamaki ya faru saboda tsafi ko aljani ko zoben sihiri, labarin na sihiri ne, kamar yadda ake gani a tafiye-tafiyen Ganɗoki na Bello Kagara (1934). Idan kuwa an ce halitta ce daga wata duniya, ko na'ura ce da mutum ya ƙera, to an shiga fagen kimiyya, ko da kimiyyar ta ƙarya ce.

3.0 Yadda Ake Gina Jigon

Misalin da ya fi fito da ginin fili shi ne gajeren labarin Ray Bradbury mai suna Zero Hour, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1947, aka kuma saka shi cikin littafinsa The Illustrated Man a 1951. Ma'anar sunan ita ce lokacin da aka tsayar don kai hari. Tauraruwar labarin yarinya ce 'yar shekara 7 mai suna Mink. Ita da yaran unguwa suna wani wasa da suka kira mamaya, suna kwasar cokula da bututu da ƙananan kayan aiki daga gidajensu suna harhaɗawa a tsakar fili, bisa umarnin wani aboki mai suna Drill da yake yi musu magana daga gindin wata shukar fure. Mink ba ta ɓoye wa uwarta komai ba. Ta gaya mata cewa Drill daga wata duniya yake, cewa mutanensa sun daɗe suna neman hanyar cin duniyarmu sun rasa, har suka gano cewa ta wajen yara za a bi domin manya ba sa kula da abin da yara suke yi. Ta faɗa mata alkawarin da aka yi musu: babu sauran tilasta wanka, babu kwanciya da wuri. Ta faɗa mata har lokacin, wato ƙarfe biyar na yamma. Uwar ta saurara tana murmushi. Ko da ta yi waya da ƙawarta da ke wani gari mai nisa ta ji cewa yaran can ma wasan da suke yi ke nan, da sunan Drill ɗin da komai, ba ta farga ba. Sai da biyar ta yi, ƙara ta tashi, sannan ta ja mijinta suka ɓuya a ɗakin saman rufi. Wadda ta jagoranci baƙin zuwa maɓoyarsu 'yarsu ce.

A lura da dabarar. Babu wani sirri da aka ɓoye wa mai karatu, babu kuma wanda aka ɓoye wa uwar. An faɗi gaskiya ƙarara tun a shafukan farko, amma an sa ta a bakin wanda ba a ɗaukar maganarsa da nauyi. Mai karatu yakan riga iyayen ganewa, sai ya koma yana kallonsu suna tafiya zuwa ga halaka alhali amsar tana gabansu. Tsoron da labarin yake haifarwa daga nan yake fitowa, domin Drill kansa ba a taɓa siffanta shi sosai ba. A ganina wannan ne ya sa labarin ya fi yawancin fina-finan da suka kwaikwaye shi: su sukan nuna dodon, shi kuwa Bradbury ya bar mai karatu da uwar da ke shirya abinci. Haka kuma shekarar 1947 farkon yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, lokacin da tsoron maƙiyi na cikin gida ya fara kama Amurkawa, kuma babu cikin gidan da ya wuce ɗan da mutum ya haifa.

John Wyndham na Ingila ya juya jigon ta wata fuska a littafinsa Chocky (1968). Yaron, Matthew, ya haura shekara 10, wato ya wuce shekarun abokin zuci, shi ya sa mahaifinsa ya damu da ya ji shi yana gardama da wani da ba a gani. Tambayoyin da abokin yake sa shi yi ba na yaro ba ne: me ya sa mako yake da kwana bakwai ba takwas ba? Yaron ya fara lissafi da zane da suka fi ƙarfinsa, ya kuma ceci ƙanwarsa daga nutsewa alhali bai iya iyo ba. Iyaye suka shiga fargaba, aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. A ƙarshe cutar da ta sami Matthew daga mutane ta zo, waɗanda suka sace shi don su tatsi ilimin da baƙon yake ba shi, har Chocky ya ga zamansa haɗari ne ga yaron ya janye. Wyndham ya sa mai karatu ya zargi baƙo, sannan ya nuna masa ɗan'uwansa mutum.

Daga baya talabijin da fim sun ci gaba da jan zaren. A wani kashi na shirin Star Trek: The Next Generation na 1992, wata halitta ta sararin samaniya ta ɗauki siffar ƙawar zucin wata yarinya, ta kalli dokokin da manya suke kafa wa yara ta yanke cewa mutane azzalumai ne. A fim ɗin M3GAN, wanda aka fara nunawa a ƙarshen 2022, ƙawar ta zama 'yar tsana mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka ƙera don ta ɗebe wa marainiya kewa, ta ɗauki umarnin kare yarinyar har ya kai ta ga kisa. Siffar abokin tana sauyawa da abin da zamani yake tsoro, amma gurbin da yake shiga ɗaya ne, wato wurin da babba ya bari.

4.0 Jigon a Ƙasar Hausa

Adabin Hausa yana da nasa yaron da ya yi abota da baƙo daga sama. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin da manazarta suke ambata a sahun farko idan ana maganar labarin kimiyya a Hausa. A cikinsa yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Sai dai Kolin Koliyo jagora ne, matsayinsa ya fi kusa da na malami mai yawo da ɗalibi yana nuna masa abubuwan al'ajabi. Ke nan Dembo ya ɗauki rabin jigon, wato abotar, ya bar rabin da abokin yake rikiɗewa. Tambayar da ta dace ɗalibi ya yi ita ce: me ya sa wannan rabi na biyu bai yi kasuwa a rubutun Hausa ba?

Ba za a ce rashin sanin labaran waje ne ba, kuma Fagge da Sabon Gari su ne shaida. Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwa, inda baƙi daga arewa suke sauka tun ƙarnoni da suka wuce. Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano, don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da sinima ta zo, a wannan yanki ta sauka: Rex a Sabon Gari a 1937, daga baya El Dorado a nan Sabon Garin, da Plaza a Fagge. Nan mutanen Kano suka yi shekaru suna kallon fina-finan Amurka da Indiya da na Sin kafin zamanin waɗannan gidaje ya wuce. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, wajen Bata da kasuwar Sabon Gari suna cikin manyan wuraren da ake sarin littattafan da kaset-kaset. Duk wani sabon labari da ya shigo Kano, da wuya bai bi ta wannan yanki ba. Marubutanmu sun ari soyayya irin ta Indiya, sun ari faɗa irin na Sin, sun cika kasuwa da labaran yaƙi da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Abin da suka ara shi ne abin da zai zauna a zuciyar mai karatunsu.

Dalilin yana cikin ginin jigon da aka bayyana a sama. Labarin Bradbury yana tafiya ne saboda uwar Mink ta tabbata a ranta cewa babu wani abu a gindin furen. A ɗauko wannan labari a sauke shi a wani gida a Fagge. Yarinya ta ce wa uwarta akwai wani da yake yi mata magana daga gindin tsamiya, babu mai ganinsa sai ita, ya kuma ce ta kai masa kaya da magariba. Wace uwa ce za ta yi murmushi ta ci gaba da tuƙa tuwo? Kafin la'asar an gaya wa kaka, an kira malam, an hana yarinyar fita. Labarin ya mutu a shafi na biyu. Bahaushe ya tashi da sanin cewa aljanu halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, ya ji batun ƙarin da ke tare da mutum, wanda aka ambata a Suratu Ƙaf da Suratuz Zukhruf, ya kuma gaji tsohon ilimin iskoki da wuraren zamansu kamar kuka da tsamiya da juji. Tun yana ƙarami ake hana shi yawo da faɗuwar rana. A irin wannan gida maganar yaro game da wanda ba a gani ba ta faɗuwa ƙasa.

Tarihin Kano na kusa ya nuna ƙarfin wannan. A tsakiyar shekarun 1990 ɗaruruwan 'yan mata a wasu makarantun sakandare na jihar suka riƙa faɗuwa suna wasu irin motsi, aka danganta abin da wata aljana da ake kira Sumbuka. Jama'a ba su tsaya gardamar ko akwai wani abu ba. Muhawarar ta koma kan wane ne zai yi magani, kuma daga lokacin ruƙiyya ta ƙara yaɗuwa a gari, har ana sayar da kaset-kaset ɗinta.

Maƙwabtanmu na Sabon Gari ma suna da nasu bayanin. Bayarabe yana da abiku, Ibo yana da ogbanje, wato yaron da yake da abokai a wata duniya suna janyo shi ya koma, abin da ya yi kusa da ɗan wabi a wajen Bahaushe. Helen Oyeyemi ta gina littafinta The Icarus Girl (2005) a kan irin wannan tushe: Jessamy, 'yar shekara 8 da ta tashi a Ingila, ta zo gidan kakanta a Ibadan ta haɗu da wata yarinya, TillyTilly, wadda ta bi ta har gida ta koma cutar da na kusa da ita, sannan aka gano Jessamy tana da 'yar'uwar tagwaitaka da ta mutu tun haihuwa. Littafin ba na kimiyya ba ne, amma yana da kyau a karanta shi tare da Chocky, domin a cikinsa bayanin likita da bayanin kaka suna ja-in-ja a kan yarinya ɗaya.

Wannan ba ya nufin ƙofa a rufe take ga marubucin Hausa. Yana nufin tilas ya matsar da kuskuren manya daga inda Bradbury ya ajiye shi. A labarin Ba'amurke kuskuren shi ne ƙin yarda. A labarin Bahaushe kuskuren da zai yi ma'ana shi ne saurin yarda da bayani guda. A ƙaddara yaro a Fagge yana ambaton wani aboki da yake yi masa magana da dare, ya san sunan kowa a gidan, yana sa shi ɗauko abubuwa. Gida ya tashi, ana hayaƙi ana tofi, mako yana bin mako, alhali muryar daga tsohuwar wayar yayansa take fitowa, ko dai manhaja mai hira da mutum, ko wani ƙato a wani gari da ya sami lambar. Mai karatu ya gane, iyaye ba su gane ba, domin suna fuskantar gabas abin yana yamma. Dabarar ita ce dai ta 1947, amma an dasa ta a ƙasar da za ta tsira. Manhajojin da suke hira da mutum kamar aboki sun yaɗu sosai tun daga ƙarshen 2022, saboda haka marubucin da ya ɗauki wannan hanya ba sai ya je wata duniya neman baƙonsa ba.

5.0 Malami da Yaron da ke Gabansa

Wajen koyar da wannan jigo, ya fi amfani a sa ɗalibai su bi sawun manyan da ke cikin labarin maimakon su tsaya kan dodon. A tambaye su: a wane wuri ne aka gaya wa uwar gaskiya? Sau nawa? Me take yi a lokacin? Daga nan sai a ba su aikin sake rubuta fitowa guda a gidan Bahaushe, su ga da kansu inda labarin zai karye da abin da za su sauya don ya miƙe. Ana iya haɗa wannan da karatun Tauraruwa Mai Wutsiya, a nemi su nuna abin da zai canza a zubin littafin da a ce Kolin Koliyo yana da wata manufa da ya ɓoye wa Kilba.

Sai kuma yaro na gaske. Malamin firamare a Fagge ko Sabon Gari yana iya samun aji mai Hausawa da Yarabawa da Ibo da wasunsu, kowane gida da nasa fassarar. Idan yaro ɗan aji ɗaya ya ce yana da abokin da ba a gani, mafi rinjaye wasa ne irin na shekarunsa, kuma zai bar shi da kansa. Kada malami ya yi masa dariya a gaban aji, kada kuma ya furta kalmar aljani, domin suna irin wannan idan ya kama yaro a unguwa yana iya bin sa har girma, yarinya kuwa har lokacin aurenta ana tuna mata. Abin yi shi ne a zauna da shi a tambaye shi cikin natsuwa: wane ne, yaushe yake zuwa, me yake cewa, a ina suke haɗuwa? Yaron da ke wasa yakan amsa da nishaɗi, sau da yawa ma ya ƙara da cewa ai na wasa ne.

Amsoshin da ya kamata su tsayar da malami daban suke. Idan yaron yana tsoron abokin, ko ya ce an hana shi faɗa wa kowa, ko yana zuwa da kuɗi ko alewa da ya ce abokin ne ya ba shi, to a fara da zaton cewa akwai mutum mai jini da tsoka a bayan maganar, domin abokin zuci ba ya sayen alewa. Idan kuma yaron yakan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri guda ba ya jin kira, ko maganar ta fara ne bayan zazzaɓi mai zafi, wannan na asibiti ne, domin akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro ƙasa. A kowane hali malami ya sanar da shugaban makaranta, a gayyaci iyaye, a gaya musu abin da aka gani da ranar da aka gan shi, ba tare da an yi musu gardama a kan addu'ar da suke yi wa ɗansu ba. Iyaye da yawa sukan yarda su haɗa addu'a da ganin likita idan malamin da ya kawo shawarar bai raina tasu hanyar ba.